Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Limamai Da Shugabannin Hausawa Mazauna Amurka Kan Maƙwabtanmu 'Yan Latino

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, tun daga masallatanmu na Bronx da Harlem har zuwa Chicago da Houston da duk inda Bahaushe ya sauke kayansa a ƙasar nan, ko daga Kano ya fito ko Damagaram ko zangon Kumasi. Ni ɗanku ne, ƙanin wasunku, direban motar haya a New York shekara 20 da 'yan kai. Ban yi karatun da zan yi wa malamai wa'azi ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Kuka na kawo, don a gida an koya mana idan abu ya fi ƙarfin yaro gaban manya ake kai shi.

Kwanakin baya aka yi sunan jikan wani aminina. Bayan an ci an sha, hira ta gangaro kan kamen da jami'an shige da fice suke yi. Sai wani bawan Allah, mutumin kirki da ba a rasa shi a sahun gaba, ya ce ai gara a kwashe su, waɗannan 'yan Sifanish ɗin su suka ɓata wa baƙi suna, ɓarayi ne, 'yan ƙwaya ne, mu da muka shigo ta ƙofa muka yi takardunmu ina ruwanmu. Mun kai mutum 15 a falon, babu wanda ya tanka. Ni ma ban tanka ba, kuma shirun nan ya hana ni barci. Da na koma gida na bi zaurukanmu na WhatsApp, sai na tarar maganar ta daɗe tana yawo a cikinmu. Bidiyon faɗa a tashar jirgin ƙasa, hoton wani da ankwa a hannu, a ƙasa an rubuta ga halinsu nan. Ba a san garin ba, ba a san shekarar ba, ba a ma san ko mutumin baƙo ne ko haifaffen nan ne ba. Turawa kawai ake yi.

Ku ba ni aron hankalinku mu je El Paso, garin da ke bakin iyakar Teksas da Meksiko. Ranar Asabar 3 ga Agusta 2019, iyaye sun cika kantin Walmart suna sayen littattafai da jakunkuna don an kusa komawa makaranta. Wani saurayi Bature ɗan shekara 21, Patrick Crusius, ya taso daga garin Allen kusa da Dallas, ya yi tuƙin sama da kilomita 1,000, kamar mutum ya taso daga Legas ya nufi Kano, ya shiga da bindiga ya buɗe wuta. Mutum 22 suka mutu a 'yan kwanakin farko, na 23 ya cika a asibiti bayan wata 8 yana jinya. Ƙaraminsu ɗan shekara 15 ne, babbansu ɗan 90. Akwai miji da mata da suka mutu suna kare jaririnsu ɗan wata 2, jaririn ya rayu. Da aka kama maharin bai ɓoye ba, ya ce 'yan Meksiko ya zo nema. Takwas daga cikin mamatan 'yan ƙasar Meksiko ne, ɗaya Bajamushe ne, yawancin sauran kuwa 'yan ƙasar Amurka ne. Bai tsaya a ƙofa ya ce kowa ya nuna katinsa ba. Fuska ya duba.

Shi kuma garin da ya zaɓa, kusan mutum 8 cikin 10 na mazaunansa 'yan Latino ne, wato masu asali daga Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka, kuma shekara da shekaru yana cikin manyan biranen Amurka mafiya zaman lafiya. A duk shekarar 2018 mutum 23 aka kashe a El Paso. Baƙon da ya zo daga nesa da sunan kare ƙasa daga miyagu, a safiya ɗaya ya yi ɓarnar da garin yake yi a shekara. A 2023 kotun tarayya ta yanke masa ɗaurin rai da rai har 90 a jere.

Allah ya gafarta malamai, abin da ya kamata ya tayar mana da tsigar jiki shi ne takardar da ya saka a intanet kafin ya fara harbi. Ya ce 'yan Latino suna mamaye Teksas. Kuma tun a farkon takardar ya bayyana goyon bayansa ga mutumin da ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris na wannan shekarar ya kashe masallata 51. Mu nan mun yi musu addu'a, wasu masallatan har gaibu aka yi, mun yi makonni muna waiwayen ƙofa a cikin salla. Ashe wanda ya kashe 'yan'uwanmu a sujada shi ne malamin wanda ya kashe 'yan Meksiko a kanti. Aƙidar guda ce, suna kiranta babbar musanya, wato wai ana shigo da baƙi da gangan don a maye gurbin fararen fata. Wani marubucin Faransa, Renaud Camus, shi ya yayata sunan. Da ita aka kashe Yahudawa 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh a 2018, saboda maharin yana jin haushin wata ƙungiyar Yahudawa mai taimakon 'yan gudun hijira. Da ita aka kashe baƙar fata 10 a wani kanti a Buffalo, cikin jihar nan tamu, ranar 14 ga Mayu 2022. Mu kuwa baƙaƙe ne, baƙi ne, yawancinmu Musulmi ne. Duk layin da mutanen nan suka ja, muna cikinsa sau uku.

Tun kafin El Paso jinin yana zuba, kuma a kusa da mu. Da yawanmu muna nan a 2008 lokacin da aka kashe Marcelo Lucero a Patchogue, can Long Island, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Bronx. Ɗan Ekwado ne, ɗan shekara 37, yana aiki a shagon wankin kaya. Daren 8 ga Nuwamba samari 7 'yan sakandare suka fita farautar duk mai kama da ɗan Meksiko, wasa ne a wurinsu har suna da sunan da suke kiransa, ɗayansu ma ya gaya wa 'yan sanda kamar sau ɗaya a mako suke yi. Suka zagaye shi kusa da tashar jirgi, ɗan shekara 17 a cikinsu ya soka masa wuƙa a ƙirji. An ɗaure yaron shekara 25. Sai bayan an yi gawa mutane suka fara fitowa suna cewa mu ma an buge mu, mu ma an jefe mu, amma tsoron zuwa wurin 'yan sanda ya sa muka haɗiye. Yaran nan sun daɗe suna gwada hannu a kan mutanen da suka san ba su da bakin kai ƙara.

Wata ɗaya bayan haka aka kashe José Sucuzhañay a Bushwick cikin Brooklyn, shi ma ɗan Ekwado, mai sana'ar dillancin gidaje. Wannan ya fi tsaya mini a rai, don dalilai biyu. Yana tafe ne da ɗan'uwansa cikin dare, sun saƙale hannun juna saboda sanyi da zumunci, kamar yadda mu ma a gida aboki yake riƙe hannun aboki a kasuwa babu wanda ya kawo komai a ransa. Wasu mutum biyu suka fito daga mota suna zaginsu da ƙabila, suna kuma ce musu 'yan luwaɗi, suka fasa masa kwalba a ka suka bi shi da kulkin wasan besbol. Dalili na biyu shi ne waɗanda suka yi kisan baƙar fata ne. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ƙiyayya ciwon Turawa ce kaɗai, mu ba ta kama mu. Tana kamawa. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin abin da muke faɗa a falo, kuma da shi suke fita titi.

A Arizona kuma, a garin Arivaca, ranar 30 ga Mayu 2009, wasu mutane suka ƙwanƙwasa wani gida da tsakar dare suka ce su jami'an tsaro ne. Jagorarsu mace ce, Shawna Forde, shugabar wata ƙungiyar 'yan sa-kai masu sintiri a bakin iyaka da sunan hana baƙin haure shigowa. Fashi suka zo yi don su sami kuɗin tafiyar da ƙungiyarsu. Suka harbe mai gidan, suka harbe 'yarsa Brisenia Flores, 'yar shekara 9. Uban da 'yar duka 'yan ƙasar Amurka ne. An yanke wa matar hukuncin kisa a 2011. Ɗan'uwanmu da ya ce mu masu takarda babu ruwanmu, ina so ya gaya mini wace takarda ce ta fi ta haihuwa ƙarfi a ƙasar nan, kuma me ta tsare wa yarinyar nan.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce to ai suna aikata laifi. Suna yi. Ni kaina an taɓa ɗora mini wuƙa a wuya a cikin motata, kuma da Sifaniyanci yaron yake magana da abokinsa. Na yi wata guda ba na son ɗaukar mai irin fuskarsa, Allah ya yafe mini. Laken Riley, ɗaliba mai koyon aikin jinya 'yar shekara 22, ta fita motsa jiki a Athens ta jihar Georgia a watan Fabrairu 2024, wani ɗan Benezuwela da ya shigo ba bisa ƙa'ida ba ya kashe ta. An ɗaure shi rai da rai, kuma daidai ne. Duk mai 'ya mace ya san babu lissafin da zai sanyaya zuciyar iyayenta. Sunanta aka sa wa dokar farko da Shugaba Trump ya sa wa hannu da ya dawo mulki a Janairu 2025, dokar da ta ce a tsare marar takarda ko da kama shi kawai aka yi bisa zargin sata a kanti, tun kafin alƙali ya ce ya yi ko bai yi ba.

Amma tambayar da ake muhawara a kanta daban take. Ana cewa baƙi sun fi 'yan ƙasa aikata laifi, kuma wannan abu ne da ake iya ƙirgawa, an kuma ƙirga. Jihar Teksas tana duba zanen yatsun duk wanda aka kama ta haɗa da bayanan hukumar shige da fice, don haka tana rubuta matsayin kowa. Ga shi jiha ce ta 'yan Rifablikan, ba wanda zai ce suna rufa wa baƙi asiri. Wani malami a jami'ar Wisconsin, Michael Light, da abokan aikinsa suka ɗauki bayanan 2012 zuwa 2018 suka fitar da sakamako a 2020. Suka tarar haifaffen Amurka ya fi marar takarda yiwuwar a kama shi da laifin zub da jini ko duka fiye da ninki 2, da laifin ƙwaya ninki 2 da rabi, da laifin sata fiye da ninki 4. Cibiyar bincike ta Cato, wadda ba ta 'yan Dimokurat ba ce, ta bi bayanan Teksas ɗin ta iske hanyar ɗaya ce. Wasu masana kuma, cikinsu da Ran Abramitzky na jami'ar Stanford, suka bi ƙidayar jama'a tun daga 1870 har zuwa 2020. A cikin shekara 150 ɗin nan baƙi a dunƙule ba su taɓa fin haifaffun ƙasa yawan zama a kurkuku ba, a yanzu ma yiwuwar ɗaure baƙo ta yi ƙasa da ta ɗan ƙasa da kusan kashi 60 cikin 100.

Mu ya kamata mu fi kowa gane dalili. Wanene a cikinmu, lokacin da takardarsa ba ta fito ba, yake yarda ko fitilar hanya ya tsallaka? Mutumin da ya ci bashi ya ratsa hamada, yana da uwa da ƙanne da suke jiran ɗan abin da zai aika ƙarshen wata, shi ne ya fi kowa gudun abin da zai haɗa shi da ɗan sanda. Da asuba idan na fito aiki su nake gani a bakin shagunan kayan gini suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Su ne a bayan kicin ɗin gidajen abinci, su ne a kan kekuna cikin dusar ƙanƙara suna kai saƙon abinci tare da yaranmu 'yan Gini da Senegal. Daren da jirgin ruwa ya rushe gadar Baltimore a watan Maris 2024, mutum 6 da suka mutu ma'aikata ne masu cike ramukan titi da tsakar dare, daga Meksiko da Gwatemala da Honduras da El Salvador. An kuma ƙiyasta cewa marasa takarda sun biya harajin kusan dala biliyan 97 a 2022, wani ɓangare a asusun fanshon da yawancinsu ba za su taɓa cin ko sisi a ciki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani uba da nake girmamawa ko da ban taɓa ganinsa ba. A 2018 wani ma'aikacin gona ɗan Meksiko marar takarda ya kashe 'yar wannan uban, Mollie Tibbetts, a jihar Iowa. 'Yan siyasa suka yi caa a kan gawar. Shi kuwa uban, cikin zafin rashin, ya fito ya rubuta a jarida cewa a daina amfani da sunan 'yarsa wajen cusa ƙiyayyar da ita ba ta yarda da ita ba tana raye, ya kuma ce wanda ya yi kisan ba ya wakiltar 'yan Latino. Idan wanda aka kashe wa 'ya ya iya bambance mai laifi da danginsa, mu da ba a yi mana komai ba mene ne hujjarmu? Malamai sun fi ni sanin ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, da wadda ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci.

Maganganun da muke turawa a waya ba daga sama suka faɗo ba, akwai masu ƙera su. Wani likitan ido a jihar Michigan, John Tanton, ya kafa ƙungiyar FAIR mai neman a rage shigowar baƙi a 1979, kuma da hannunsa a kafuwar wasu cibiyoyin da har yau ake gayyata majalisa da gidajen talabijin su yi bayani kan baƙi. Cibiyar SPLC ta Alabama, mai bin diddigin ƙungiyoyin ƙiyayya, ta sa FAIR a jerinta saboda rubuce-rubucen Tanton da alaƙarsa da masu aƙidar fifikon farar fata, su kuma suna musanta wannan suna. Ba na cewa duk mai son a tsaurara iyaka maƙiyi ne. Kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin mai shiga da mai fita, akwai ma 'yan Latino da yawa da suke son a tsaurara, sun kuma nuna haka a ƙuri'ar 2024. Wannan muhawara ce ta siyasa, kowa da ra'ayinsa. Inda ta zama guba shi ne inda aka koma kiran mutane mamaya, aka ce jininsu ne yake da laifi. A ranar 16 ga Yuni 2015, da Trump yake ƙaddamar da takararsa, ya ce Meksiko tana turo masu ƙwaya da masu laifi da masu fyaɗe, sannan ya ƙara da cewa wasunsu dai yana zaton mutanen kirki ne. Wata biyu bayan nan wasu 'yan'uwa biyu a Boston suka iske wani ɗan Meksiko marar gida yana barci a bakin tasha, suka yi masa fitsari suka lakaɗa masa duka da ƙarfe, ɗayansu ya ce wa 'yan sanda ai Trump ya yi gaskiya. Baki shi ke yanka wuya.

Wani abin da ba kowa ya sani ba a cikinmu shi ne da yawa daga mutanen nan sun riga Amurka zuwa inda suke. Teksas da California da Arizona da New Mexico duk ƙasar Meksiko ce a da. Amurka ta haɗe Teksas a 1845, aka yi yaƙi, yarjejeniyar 1848 ta raba Meksiko da kusan rabin ƙasarta. Shi ya sa sunayen garuruwan suke Los Angeles da San Antonio da El Paso. Suna da wata magana, cewa su ba su tsallaka iyaka ba, iyaka ce ta tsallaka su. Wanda yake da kawu a Maraɗi da goggo a Katsina, ko gonarsa a Daura surukansa a Magarya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tun lokacin kuma suke shan wuya. Masana tarihi biyu, William Carrigan da Clive Webb, sun tattara shaidar mutum 547 'yan asalin Meksiko da gungun jama'a suka kashe ba shari'a tsakanin 1848 da 1928. A ƙauyen Porvenir a Janairu 1918 jami'an tsaron jihar Teksas da ake kira Texas Rangers da wasu makiyaya Turawa suka fitar da maza da yara 15 suka harbe. A shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, aka tasa ƙeyar dubban ɗaruruwa zuwa Meksiko, da yawansu haifaffun Amurka, sai a 2005 jihar California ta nemi gafara. 'Yan Latino gaba ɗaya sun haura miliyan 62 bisa ƙidayar 2020, kusan mutum 1 cikin 5 a ƙasar nan, kuma mafi yawansu a nan aka haife su. Waɗannan muke wa kuɗin goro muna cewa a kwashe.

Iyayenmu na zango, ku kun san ɗacin kalmar nan. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, mutanen da aka haifa a Kumasi da Accra suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta rama a zamanin Shagari, aka kori kusan mutum miliyan 2, rabinsu 'yan Ghana, har jakar da suka zuba kayansu ta samu suna. Kowane karo hujjar ita ce baƙi ne ɓarayi, baƙi ne suka cinye aiki. A watan Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Arewa suna hanyar komawa Kano yin salla, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 aka ƙone su. A zaurukan nan namu muka yi ta kuka muna cewa don me laifin wasu 'yan bindiga zai zama laifin duk mai jin Hausa. Gaskiya muka faɗa. Ita ce kuma gaskiyar da ɗan Honduras yake faɗa, da wani harshe.

Kada kuma mu ɗauka wutar a gemun maƙwabci za ta tsaya. A 1988 'yan ƙungiyar masu aske kai, masu aƙidar fifikon farar fata, suka kashe ɗalibi ɗan Habasha, Mulugeta Seraw, a Portland da kulkin besbol, har kotu ta ci jagoransu Tom Metzger da ƙungiyarsa tarar dala miliyan 12 da rabi. A watan Satumba 2024 aka ƙaga cewa 'yan Haiti a Springfield ta Ohio suna cin karnuka da kyanwoyin mutane. Hukumomin garin suka ce babu wannan magana, amma sai da aka yi barazanar bam sama da 30, aka rufe makarantu, alhali yawancin mutanen nan da izini suke zaune. A 2020 an hana 'yan Najeriya bizar zama, a Yuni 2025 aka sa Chadi da Sudan a jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa. A Satumba 2025 kotun ƙoli ta ɗage umarnin da ya hana jami'ai a Los Angeles tare mutum saboda kamanninsa ko irin aikinsa ko jin yana Sifaniyanci ko Turanci mai karin harshen baƙi. Wanene a cikinmu Turancinsa ba ya tona asalinsa? Sannan ga yaranmu na Afirka ta Yamma da suka cika masallatanmu tun 2023, waɗanda kuka shimfiɗa wa tabarma kuka ciyar, Allah ya saka muku. Ta Nikaragwa da Meksiko suka biyo, iyakar nan guda suka tsallaka, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da muke zagi.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ku ne masu riƙe da yawancin zaurukan nan na WhatsApp, ko kuma masu riƙe da su suna jin maganarku. Ku sa doka cewa duk bidiyon da ke jingina laifi ga wata ƙabila ba tare da an san gari da rana da tushe ba, a goge shi, a kuma kira wanda ya turo a yi masa nasiha a keɓe. Ayar da ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci ba ta tsaya a zamanin raƙuma ba. Ku kuma ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci, ku kira maƙwabcin da sunansa, ɗan Meksiko da ɗan Dominika da ɗan Ekwado, don idan aka bar shi a dunƙule kowa zai ɗauka Musulmin gidan gaba kawai ake nufi. Fastocinmu Hausawa ma ina miƙa musu wannan roƙon.

Sai batun kai ƙara, wanda nan ne mugu yake samun mafaka. Hukumar FBI takan tattara rahoton laifukan ƙiyayya sama da 10,000 a shekara a 'yan shekarun nan, amma binciken ma'aikatar shari'a da ke tambayar mutane gida gida ya ƙiyasta kusan 250,000 a shekara, fiye da rabi ba a kai su gaban 'yan sanda ba. Tsoro ne, irin na mutanen Patchogue. Ku gayyato lauyoyin shige da fice na gaskiya, ba 'yan cika fom na bakin titi ba, su yi wa jama'a bayani da Hausa. Tun 2009 akwai dokar tarayya da ta faɗaɗa hukuncin laifin ƙiyayya, kuma tun 2000 akwai bizar da ake kira U, wadda ake ba wanda aka yi wa wasu manyan laifuka idan ya taimaka wa masu bincike, ko da ba shi da takarda. Guda 10,000 ake bayarwa a shekara kuma layin yana da tsawo, kowa da yanayinsa, shi ya sa sai da lauya. Direbobinmu kuma, mu da muke kan titi dare da rana, a gaya mana ƙarara cewa idan ka ga an tare wani ana duka ka kira 911, ka tsaya ka ba da shaida, kada ka ce ba namu ba ne ka taka mota.

Na ƙarshe shi ne ziyara. Kusan kowane masallacinmu a Bronx akwai cocin masu Sifaniyanci a layinsa ko a bayansa. Shekara nawa muna wuce juna a bakin ƙofa, iyakarmu amigo, wato aboki da Sifaniyanci, ba mu san sunan limaminsu ba, ba su san na namu ba. Ranar 3 ga Agusta suna tuna mutanen El Paso. Ina roƙon a samu malami ɗaya da dattawa biyu ko uku su sa manyan riguna su je su yi musu gaisuwa, kamar yadda wasu Kiristoci da Yahudawa suka zo suka tsaya a ƙofar masallatai a Juma'ar da ta biyo bayan Christchurch. Akwai yaranmu da suka tashi a unguwannin nan suna jin Sifaniyanci, su za su yi tafinta. Motata tana nan, duk malamin da ya shirya ni zan kai shi in dawo da shi, ba zan kunna mita ba.

Idan na yi kuskure ko na ɗaga murya a gaban manya, a yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Wani direba mazaunin Bronx, New York